Nauyin Buhu

Halima, Bello, da kai Abdullahi auta, na san kun sha jin labarin nan a bakin Goggo Kulu, Allah ya jiƙanta, kuma na san yadda take ba da shi: wai ni na tuɓe kakanku a zaure ranar Jumma'a a gaban jama'a, na bar shi daga shi sai wando. Kowace shekara sai ta ƙara cire masa tufa ɗaya a cikin labarin. Da ta ƙara shekara biyu a duniya, ban san abin da za ta bar masa ba. Ban taɓa musa mata ba tana da rai, domin Goggo Kulu ba a musu da ita, sai dai a jira ta gaji, kuma ban taɓa ganin ta gaji ba. Yanzu da furfura ta fara cika mini haɓa, kuma na ji Bello yana ba abokansa labarin da ƙarin nasa gishirin, na ga ya kamata in rubuta abin yadda ya faru. Littafin da na riƙa rubuta lambobin yana nan a ƙasan akwatin ƙarfe, mai shuɗin bango. Wanda bai yarda ba ya je ya duba.

Sai kun fara gane abu ɗaya, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kanku ba. Ni ne ɗan fari a gidanmu na Gwandu, kuma a gida irin namu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Haka ya taras, haka ya riƙe. Na wuce shekara talatin ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Wancan" yake ce mini. Inna ma haka. Ni kuma dama ba gwanin magana ba ne, na taso da jin nauyinsa har ya zama ko a zaure muka haɗu, shi ya dubi bangon gabas, ni in dubi na yamma, mu wuce juna. Duk maganar da za ta shiga tsakaninmu sai ta bi ta hannun Goggo Kulu, yayarsa, wadda ta goye ni, ko da tsakanina da shi bai fi taku uku ba.

"Yaya, tambayi wancan ko ya ci abinci."

"Kai, wai ka ci abinci?"

"Na ci, Goggo."

"Ya ce ya ci, amma dubi wuya nai, ƙarya shika yi."

Kun ga inda matsalar take. Goggo ba ta taɓa kai saƙo yadda aka ba ta shi ba. Ko ta ƙara masa yaji, ko ta zubar da rabinsa a hanya.

A shekarar da nake ba ku labari, ina koyarwa a firamare, sai na samu na koma karatu a Kalgo. Na kama ɗaki can, ina zuwa gida ƙarshen mako in babu jarrabawa. A aji ni ne mai zama can gefen taga, in malami ya yi tambaya in rubuta amsar a gefen littafi, in jira wani ya faɗe ta. Baba kuwa dillalin shinkafa ne, mai sayen ɗanya daga hannun manoma ya kai wa masu casa. Mutum ne mai jiki. In ya shiga motar haya, direba ba ya ko tambaya, gaba yake buɗe masa shi kaɗai. Tuwon shinkafa da man shanu har ya kwanta a saman miya, fura da sukari, kilishi a aljihu, waɗannan su ne abokan tafiyarsa. A damina ta shekarar ne wansa, Baffa Umaru, ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Da aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, likitan ya dubi Baba da ya rako shi, ya ce shi ma ya miƙo hannu. Da ya gama awon jini sai ya ce masa a fili, in bai rage gishiri da maiƙo da sukari ba, in bai fara tafiyar ƙasa ya sauke wannan nauyin ba, to gadon da ke kusa da na wansa shi yake jira.

Baba ya dawo da wansa gida. Ya zauna a zaure, ya kira Goggo, ina tsugune a bakin ƙofa.

"Yaya, gaya ma wancan, tunda shi na ɗan boko, shi samo sikeli. Kwana arba'in zan yi ina bin maganar likita, ba ni ƙara ko guda. Ran na arba'in in hau. In ta nuna na ragu, in ci gaba. In ba ta nuna ba, a maido mani akushina yadda shike, kuma kada wanda yaƙ ƙara yi mani zancen likita."

Duk wanda ya san Baba ya san in ya yanke magana ta yanku. Zai yi kwana arba'in ɗin ba ha'inci, kuma in sikeli ta ba shi gaskiya, ko limamin gari ba zai sake raba shi da man shanu ba. Daga zauren ana jin Baffa Umaru a ɗakinsa yana ƙoƙarin kiran sunan matarsa, harshe ya ƙi.

Na sayo sikelin a Birnin Kebbi, irin wadda ake takawa lamba ta fito a ɗan gilashi. Ran Litinin da sassafe, bayan an dawo daga masallaci, na ajiye ta a kan simintin barandar Inna. Baba ya hau daga shi sai jallabiyar barci, yana kallon sama kamar wanda ake yi wa aski. Casa'in da takwas. Na rubuta lambar, na rubuta ranar, da lokacin, da abin da ke jikinsa, da inda aka ajiye sikelin. Ba wanda ya sa ni, haka nake. Daga nan na damƙa wa Goggo aikin, tunda ta iya lambobi saboda danna waya. Kullum ta auna shi, ta kira ni a Kalgo, in rubuta.

Washegari ina shirin shiga aji wayata ta yi ƙara. Kafin in yi sallama na ji guɗar Goggo.

"Tamanin da shidda. Ka ji ko? Kwana guda tal. Wanga likita ya san aiki nai."

Na ce mata hakan ba zai yiwu ba. Ta ce ni da nake Kalgo na fi ta gani ke nan. A ranar Inna ta tsorata, ta ce ramar ta yi sauri, ta zuba masa man shanu cokali biyu a ɓoye don a tare abin. Kashegari Goggo ta sake kira, wannan karon ba guɗa.

"Sittin da shidda. Kai, zo ka ɗauke abin ga daga gidan ga. Tsotse shi takai. Kwana ukku in anka yi, sai dai mu iske jallabiya a ƙasa."

Na rubuta lambobin biyu a takarda ina jujjuya su, ina neman inda kuskuren yake, har takardar ta juye a hannuna. Sai ga casa'in da takwas da casa'in da tara suna kallona. Na tambaye ta a ina take tsayawa in ya hau.

"Gaba nai mana. Ko bayan mutum aka tsayawa a gaishe shi?"

A kife take karantawa. Na roƙe ta ta riƙa tsayawa ta gefensa. Ta ce ta ji, amma ta fi son lambobinta, sun fi nawa daɗin ji.

Da aka gyara wannan sai ainihin wahalar ta fito. Lambar ba ta zama wuri ɗaya. Yau casa'in da bakwai, gobe da takwas da rabi, jibi da shida da rabi, gata ta koma da takwas. Ni kaina da farko abin ya dame ni. Baba kuwa, mutumin da ya yi shekara talatin yana auna buhu, sai ya ɗauki sikelin a matsayin maƙaryaciya. Ran da ta sauka sai ya yi shiru. Ran da ta hau sai a ji shi har waje. Yana fita tafiyarsa ta safe, ya bi hanyar Kambaza har wajen gonaki ya dawo yana haki, ya ci tuwonsa ɗan malmala ɗaya da miyar da ya ce ko akuya sai an roƙe ta ta lasa, ya sha fura ba sukari, sannan a ce masa ya ƙaru da kilo guda. Wata Asabar ina gida na ji shi yana gaya wa amininsa Alhaji Sambo, abokin sana'arsa, da murya yadda zan ji:

"Sikelin da za ta ce ma buhu guda magana ukku cikin kwana ukku, da a kasuwa ta, da tuni an kai mai ita gaban Sarkin Kasuwa."

"Ai ni na gaya maka," in ji Alhaji Sambo. "Jikin ga naka gado na. Ana raba mutum da gado nai?"

Ni kuma a ɗakina na Kalgo, na sayi takardar zane mai gida-gida, na ja layi da rula, na riƙa ɗiga kowace lamba a gidanta. Kuma na fara yi wa Goggo tambayoyin da suka sa ta ce ko alƙali bai kai ni ba: da wane lokaci ya hau, me ya sa a jikinsa, me ya ci jiya, a ina aka ajiye sikelin. A nan na gano Goggo ba ta da lokacin awo. Duk inda ta kama shi nan ne. Wata rana da asuba, wata rana bayan ya ci tuwon dare, wata rana ta tare shi a zaure zai fita kasuwa, aljihunsa cike da makullan sito da wayoyi biyu da tocila da goro. Wani lokaci a siminti, wani lokaci a kan yashin tsakar gida. Duk ran Jumma'a lambar sai ta yi tsalle, domin a ranar yana cikin babbar riga mai aiki da rawani. Alhaji Sambo ya ce wannan nauyin lada ne, kuma akwai waɗanda suka yarda. Duk ran da ya kwana da abu mai gishiri a ciki, ita ma safiyar sai ta hau. Ni da kaina na taɓa kawo tsarabar busasshen kifi daga Diggi, Inna ta yi miya da shi, kwana biyu lambar tana sama, na rubuta laifin a gefen shafi da sunana. Amma da na tara lambobin kowane mako na raba su bakwai, sai na ga wani abu da ba ya ganuwa a rana ɗaya. Makon farko casa'in da takwas. Na biyu da bakwai da rabi. Na uku da bakwai. A hankali, kamar ruwan fadama bayan damina, abin yana ja da baya. Inna ma ta aiko Goggo ta gaya mini mazagin wandonsa ya ƙara tsawo.

Magana uku kawai nake bukatar ta isa kunnen Baba, kuma duk ukun ta hannun Goggo za su bi. Na farko na ce a riƙa auna shi da sassafe, bayan ya zaga, kafin ya ci komai.

"Ni in tsaya bakin bayi ina jiran ƙanena kamar mai jiran mota? Kai dai karatun ga bai ƙara maka kunya ba."

Wannan saƙon a nan ya mutu. Na biyu na ce, in zai hau, ya rage kaya. Wannan ta kai shi, amma iyakar abin da ta ce masa shi ne wancan ya ce ka rage kaya. Baba ya yi tunani, ya ce wataƙila 'yan boko sun ji wani labari game da kasuwa. Kafin mako ya fita ya kwashe rabin shinkafar da ke sito ya kai wa masu casa, ya ci gaba da hawa sikeli da rigarsa. Na uku shi ne ya fi ɓaci. Na zauna na yi mata bayani a waya har kati ya kusa ƙarewa, cewa kada a dubi lambar rana ɗaya, a dubi matsakaicin mako. Ta ce ta gane sarai. Ta same shi yana cin abinci.

"Wancan ya ce in gaya maka, ya yi lissahi, kai matsakaici na."

Baba ya ajiye cokali.

"Ni? Ni da tela ka ƙara ma yadi biyu? Ni na matsakaici?"

Kwana biyu bai aiko a tambaye ni ko na ci abinci ba, wanda a tsakaninmu shi ne fushi mafi tsanani. Za ku ce me ya hana ni rubuta masa takarda. Na rubuta. Sau uku na rubuta da ajami, tunda shi yake karantawa. Amma duk yadda na juya maganar, ƙarshenta ɗa ne yake ce wa ubansa ya cire riga, kuma ya faɗi ko ya shiga bayi. Sai in yage. Sikelin kilo casa'in da wani abu take ɗauka na Baba; nauyinsa da nake ji ni ya fi haka.

Ran na arba'in ya faɗo Jumma'a. Na ƙirga tun da wuri na gani, ranar babbar riga da rawani ce. Abin bai tsaya nan ba, ran Laraba da Alhamis Baba yana Masama wajen ɗaurin auren 'yar abokinsa, inda ba a ƙin abincin mutane, kuma masu girkin ba su san da zancen likita ba. Goggo ta kira ni ran Alhamis da yamma ta ce Baba ya sa a yi awon ƙarshe a zaure bayan an sauko daga masallaci, a gaban shaidu, kuma ya ce Inna ta tuƙa tuwo irin na da, a ajiye kusa. Ni kuma a wannan Jumma'ar, ƙarfe uku, ina da gwaji a darasin ƙididdiga, wajen wani malami da ba ya sake wa kowa gwaji ko da takardar asibiti ya zo. Na san darasin kamar tafin hannuna. Na goge takalmi, na feƙe fensir biyu. Da safe na zauna a bakin katifa da littafin Baba a cinyata, na yi ta kallon layin nan da ke gangarowa a hankali, wanda duk duniya ni kaɗai na san da shi. Sai na sa littafin a jaka na tafi tasha.

Na isa Gwandu ana fitowa daga masallaci. Zauren ya cika: Alhaji Sambo, maƙwabta uku, da ladanin unguwa da ƙamshin man shanu ya jawo. Goggo tana tsaye a ƙofar cikin gida, Inna a bayanta da akushi a rufe. Baba ya shigo cikin babbar rigarsa ta shadda mai aiki har gwiwa, da rawani, yana tafiya a hankali fiye da yadda ya saba. Ya gan ni, ya dubi bango. Aka ajiye sikeli, ya hau. Alhaji Sambo ya duƙa ta gefen da ya dace ya karanta.

"Casa'in da tara."

"Ran farko nawa ta?" in ji Baba.

"Da takwas," in ji Goggo.

"To alhamdu lillahi. Na cika alkawali, kun gani da idonku. Kwana arba'in ina cin ciyawa, na ƙaru da kilo guda. Yaya, a shigo da tuwo."

Na buɗe baki zan ce Goggo ki gaya masa, sai na tuna da abin da ke fitowa ta ɗaya gefen in magana ta shiga wajen Goggo. Ta tagar zauren ina hango ƙofar ɗakin Baffa Umaru, an fito da shi shan iska, hannunsa na dama a kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Inna ta riga ta miƙo akushin. Ban iya duban fuskar Baba ba, ƙafafunsa na duba. Muryar da ta fito ma ban san tawa ce ba.

"Baba, ba a cire nauyin buhu ba."

Ladan ya mayar da hannunsa da ya fara miƙawa wajen buta. Baba ya dubi bangon gabas, bai samu komai a can ba, ya juyo ya dubi Goggo.

"Kada ka dube ni," in ji ta. "Wagga ba ta hannuna tab biyo ba."

Alhaji Sambo yana son tuwon nan kamar kowa, amma ɗan kasuwa ne, kuma an taɓo ƙa'idar sana'a.

"Alhaji, yaron ga ya yi magana. Ko ina anka auna kaya, sai an hidda nauyin buhu. Kai ka koya mani."

"Wane buhu?" Baba ya tambayi bango.

"Rawani," na ce wa ƙafafunsa. "Da riga. Da abin da ke aljihu."

Na ɗauka zai fita ya bar zauren. Sai ya ɗaga hannu ya fara warware rawani, ya miƙa wa Alhaji Sambo. Ya cire babbar rigar, mutum biyu suka karɓa. Daga nan aka shiga aljihu. Wayoyi biyu. Tocila. Tarin makullan sito. Goro a ganye. Carbi. Wani ƙunshi a takarda da maiƙo ya huda, wanda Baba ya ce na yara ne, Goggo ta ce ita ma yarinya ce a wajen wani, ta karɓe. Sai kuma daga aljihun jamfa na dama, ƙaton kwaɗon ƙofar sito, irin wanda ake riƙewa da hannu biyu. Daga na hagu, ɗan'uwansa.

"Gyara za a kai su," in ji Baba.

"Ran Jumma'a?" in ji Alhaji Sambo. "Da su kay yi salla?"

Baba ya juya ya sake hawa sikeli. Ni dai ba zan ce komai a kan kwaɗunan nan ba, tunda ban taɓa tambayarsa ba. Abin da na sani, da dare ya yi an gan su a ƙofar sito suna aikinsu lafiya lau. Ku dai lura da kyau, domin nan ne Goggo ta ɓata tarihi: da ya sake hawa sikelin, yana sanye da jamfa, da wando, da hula, da singileti a ciki. Abu huɗu. Na rubuta.

"Casa'in da biyar da rabi," in ji Alhaji Sambo. Ya sake duƙawa. "Da biyar da rabi. Amma tsaya, ran farko ma ai da riga anka auna shi."

Na buɗe shafin farko na miƙa masa. Litinin, bayan asuba, jallabiyar barci, barandar Inna. Ya karanta, ya ce wa ladan wannan yaron ko mala'ikun kafaɗa sai sun duba littafinsa.

Baba yana tsaye a kan sikelin bai sauka ba. Ya yi magana, ba da Goggo ba, ba da bango ba, da wani wuri a tsakanina da rufin zaure.

"To gobe kuma ta ce wani abu daban."

"Za ta ce, Baba." Tunda na riga na fara, sai na ga tsayawa ya fi ci gaba wuya. "Buhun da ya kwana a raɓa ya fi na jiya nauyi, ba don an ƙara masa shinkafa ba. Jiki ma haka yake, in an ci gishiri yakan riƙe ruwa kwana ɗaya ko biyu, ya sake shi. Ko yanzu akwai ruwan Masama a cikin lambar nan. In mota ta kawo kaya, Baba ba ya yanke mata hukunci da buhu ɗaya. Yakan zaro shida ko bakwai daga wuri daban-daban a auna, a ga inda suka tsaya tsakani. Kwana bakwai, buhu bakwai."

Na buɗe takardar zanen na ajiye a ƙasa inda zai gani ba sai ya karɓa daga hannuna ba. Ɗigo-ɗigon kullum suna hawa suna sauka kamar sawun kaza, jan layin mako yana ratsa su yana gangarowa.

"Wannan jan layin shi ne matsakaici," na ce.

Baba ya bi jan layin da ido. Sai ya ɗago ya dubi yayarsa.

"Au. Wanga shi na matsakaicin?"

"Ni abin da anka ba ni shi nik kawo," in ji Goggo, tana tauna kilishin yara.

Tuwon man shanu baƙi suka cinye shi, ladan ya fi kowa ƙoƙari. Baba aka kawo masa malmalarsa ɗaya da miyar akuya, ya ci a gabansu. A nan ya kafa doka: kullum da asuba, da jallabiya, a barandar Inna, kuma kada a gaya masa lambar kowace rana, sai ran Jumma'a a kawo masa jan layi. Dokar ta yi aiki, sai dai Goggo in za ta gaya mini lambar a waya takan ce bari ta yi raɗa, kuma raɗar Goggo har mai shagon bakin titi yana jin ta. Baba ya koyi yin kamar bai ji ba, abin da dama ya ƙware a kai. Akwai makonnin da jan layin ya tsaya cik, akwai na bayan babbar salla da ya ɗan ɗaga kai, amma bai sake cewa a maido masa akushi ba. Ni kuwa na faɗi darasin ƙididdiga, na maimaita shi a shekara ta gaba tare da yaran da na girme wa da shekara goma sha wani abu. Malamin ya tambaye ni a gaban aji dalilin da ya hana ni zuwa gwajin lissafin matsakaici, na rubuta amsar a gefen littafi ban faɗa ba. Kakanku ya rayu har ya ga yayen Abdullahi, ya kai Halima makarantar allo da ƙafarsa, kuma shi ya riƙa tura keken Baffa Umaru zuwa masallaci har ƙarshen ran Baffa.

Saura abu ɗaya da ya faru a zauren, wanda Goggo ba ta sa shi a nata labarin, don ta riga ta shiga ciki. Baƙi sun watse, na duƙa ina goge sikelin zan mayar da ita kwali. Baba yana zaune a kan buzunsa da jamfa, rigar tana ninke a kan tabarma can kusa da ni.

"Mai Sikeli."

Na ci gaba da gugata. Na ɗauka da wani yake, yana ba shi labarina. Na saci kallo, babu kowa a zauren sai mu biyu.

"Kai nika ma magana," ya ce, idonsa a kan bangon gabas. "Miƙo mani buhuna."